Minshari mai ɗauke numfashi: akwai gwajin jinin da ke nuna ɓarnar jijiyoyin jini?

Ɗan_Kwari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni, musamman ga ma'aikatan lafiya da ke cikin zauren nan. Shekarata 48, ina fama da hawan jini shekara shida ke nan. Magani kala uku nake sha, ba na fashi, amma da safe in na auna sai in ga 160 bisa 100. Uwargida ta daɗe tana cewa minsharina ba irin na mutane ba ne. Wai ina cikin yi sai in yi tsit kamar an ɗauke wuta, har ta fara salati, sannan in fizgo numfashi da ƙarfi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Ni ban san ina yi ba. Abin da na sani shi ne ina tashi fitsari sau uku ko huɗu kafin asuba, in wayi gari da ciwon kai da bushewar baki, kuma bayan azahar ko ana tsakiyar cinikin atamfa sai gyangyaɗi ya kwashe ni.

Ɗan yayana da ke karatu a waje ya ce wannan ciwo ne, ɗaukewar numfashi cikin barci, kuma yana cin jijiyoyin jini a hankali, wai har ana ganin alamarsa a jini. Na je wani ɗakin gwaji na kuɗi, suka ce abin da suke da shi CRP ne. Aka yi, ya fito 7.2, yaron wurin ya ce ya yi yawa. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Wannan lamba tana nufin jijiyoyina sun riga sun lalace? In ba ita ba ce, wane gwajin jini ne zai gaya mini gaskiya?

Maman_Ilham:
Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ba ka lafiya. Ka yarda da maganar Hajiya. Maigidana shekara biyu yana musu da ni, sai da na ɗauke shi a waya wani dare na kunna masa da safe. Da ya ji wurin da ya yi shiru, ya ce "wannan ni ne?" Gani ya kori ji.

Mai_Awon_Jini:
Alhaji, aikina ke nan kullum, don haka bari in fara da takardar. CRP hanta ce ke yin sa duk lokacin da wani kumburi ya tashi a jiki, ko ina ne. Ciwon haƙori zai ɗaga shi, maruru zai ɗaga shi, mura, ciwon gwiwa, teɓa, taba sigari, duk suna ɗaga shi. Bai san jijiya ba, bai san makogwaro ba. Kamar ka ji ƙaurin hayaƙi ne a unguwa: akwai wuta, amma ba ka san gidan wa ba.

Wanda ake dubawa don haɗarin zuciya shi ne mai kaifin nan da ake rubutawa hs-CRP. Ƙasa da 1 haɗari kaɗan, 1 zuwa 3 matsakaici, sama da 3 mai yawa, duk a ma'aunin mg/L. Kuma ana son a yi shi mutum yana lafiya ƙalau, sau biyu, da tazarar kamar mako biyu. Duba takardarka, mg/L aka rubuta ko mg/dL? Sannan ka yi zazzaɓi kwanan nan?

Ɗan_Kwari:
mg/L ne. Zazzaɓi kuwa na yi maleriya, na gama shan magani kamar kwana biyar kafin in je.

Mai_Awon_Jini:
To ka gani. Maleriya kaɗai tana iya kai CRP 50 ko fiye, kuma ba rana ɗaya yake sauka ba. Wannan 7.2 ɗin mai yiwuwa wutsiyar zazzaɓin ce. Yaron da ya miƙa maka takarda ya ce "ya yi yawa" bai tambaye ka komai ba, bai kyauta ba.

Malam_Shakka:
Ni fa ban gane ba. Kakana minsharinsa daga zaure ake ji har bakin titi, ya kai shekara 90 da haƙoransa. Yanzu an wayi gari minshari ma ciwo ne, akwai na'urar da za a sayar mana. Kasuwa ce kawai Turawa suka buɗe.

Dakta_Numfashi:
Malam_Shakka, ba kowane mai minshari ke da ciwon ba, nan kana da gaskiya. Minshari kaɗawar naman makogwaro ce iska tana wucewa. Abin da Alhaji ya kwatanta kuwa hanyar ce take rufewa gaba ɗaya. In numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, shi muke ƙirgawa. Sau 5 zuwa 14 a awa ɗaya mai sauƙi ne, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani. Na ga wanda ya haura 70 a awa. Allah ya jiƙan kakanka, amma ba mu san ko nasa yana tsayawa ba.

Alhaji, maganar ɗan yayanka akwai ƙamshin gaskiya, sai dai ya haɗa abu biyu wuri guda. Bari in raba su.

Kowace jijiyar jini a jikinka, daga babbar da ta fito daga zuciya har siraran da suka fi gashi sirantaka, cikinta a shafe yake da wata shimfiɗa mai kaurin ƙwayar halitta ɗaya tak. Sunanta endotiliyam. Kamar daɓen cikin randa ne, sai dai ita mai rai ce, tana aiki. Ita ke fitar da wani sinadari, naitirik oksaid, da ke sa jijiya ta saki jiki ta buɗe. Ita ke hana jini daskarewa inda bai kamata ba, ita ke hana fararen ƙwayoyin jini manne wa bango.

To in makogwaro ya rufe, oksijin ɗin jini yana faɗuwa. Ƙwaƙwalwa ta firgita, ta ɗan farkar da kai ba tare da ka sani ba, jiki ya zuba sinadaran tsoro, hawan jini ya yi tsalle, ka fizgo iska, oksijin ya dawo a guje. Bayan minti ɗaya ko biyu a sake. Wannan sauka da hawan, sau ɗaruruwa a dare ɗaya, shi ke wahalar da shimfiɗar nan. Dawowar iskar da sauri tana haifar da wasu sinadarai masu ƙuna da ke cinye naitirik oksaid ɗin. Sai shimfiɗar ta fara fitar da wasu 'yan ƙugiyoyi a samanta, ICAM-1, VCAM-1 da su selektin, waɗanda fararen ƙwayoyin jini ke kamawa su kutsa cikin bango. Daga nan kitse ke samun gindin zama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Guntayen waɗannan ƙugiyoyi suna ɓallewa su shiga jini, ana iya auna su. Su ne "alamomin" da ɗan yayanka ya karanta. Akwai kuma endotelin-1 mai matse jijiya, akwai ADMA mai toshe hanyar yin naitirik oksaid, akwai sinadarin von Willebrand da fibrinojin na ɓangaren daskarewa, akwai IL-6 da TNF na kumburi. A bincike, in aka tara masu ciwon aka kwatanta da marasa shi, yawancin waɗannan sukan fi yawa a masu ciwon.

Ga inda aka rabu: wannan magana ce ta taron mutane, ba ta mutum ɗaya ba. Babu wata lamba da aka amince cewa in ICAM-1 ɗinka ya haura ta, jijiyarka ta lalace kaza. Babu gwajin jinin da ke tabbatar da ciwon ko ya kore shi. Gwajin barci, wanda mutum ke kwana da na'urori suna ƙirga tsayawar numfashinsa, shi ke yin wannan.

Direban_Tirela:
Ranki ya daɗe, abin fitsarin daren nan fa? Ni ma haka nake, na ɗauka suga ce, aka auna babu.

Dakta_Numfashi:
In kana ƙoƙarin jan iska makogwaro a rufe, ƙirji yana tsotsar zuciya, ita kuma sai ta ɗauka ruwa ya yi yawa a jiki, ta saki sinadarin da ke umartar ƙoda ta zubar da ruwa da gishiri. Maza da yawa ana ta ba su maganin mafitsara alhali matsalar a wuya take. Amma kai tunda tuƙi kake, ba fitsarin ne ya fi damuna ba. Kana gyangyaɗi a kan sitiyari?

Direban_Tirela:
Gaskiya ba zan ɓoye ba. Bara tsakanin Tegina da Mokwa na farka na ga ina kan hannun wasu. Yaron motata ne ya daka mini tsawa. Tun daga nan goro da kofi ba sa rabuwa da ni.

Maman_Ilham:
Innalillahi. Malam direba don Allah ka je asibiti, ba ranka kaɗai ba ne a kan titin nan.

Ɗalibin_Likita:
Ranki ya daɗe, a yi mini izini in ƙara, don a nan nake rubuta aikina na ƙarshe. Ni ina ganin an ɗan rage wa alamomin nan daraja. A shekarar 2000 ƙungiyar Mary Ip a Hon Kon ta nuna ragowar naitirik oksaid a jinin masu ciwon ya yi ƙasa, kuma bayan dare ɗaya da na'urar CPAP, mai hura iska ta hanci don makogwaro ya zauna a buɗe cikin barci, ya tashi. A 2008 Sanja Jelic a Jami'ar Kolombiya ta Niyok ba ta ma tsaya ga jini ba, ta kankaro ƙwayoyin shimfiɗar kansu daga jijiyar hannun marasa lafiya da wata siririyar waya. Ta ga injin da ke yin naitirik oksaid ya ragu, alamun ƙuna sun ƙaru, kuma bayan mako huɗu abin ya gyaru a wurin waɗanda suka riƙa sa na'urar awa huɗu ko fiye kowane dare. A Dabilin kuma Ryan da McNicholas sun nuna a 2005 cewa ƙarancin oksijin mai zuwa yana tafiya yana kunna hanyar kumburi ta NF-kB, ba kamar na mai zama a kan tsauni ba wanda jiki ke sabawa da shi. Ai wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi kansa naitirik oksaid ɗin sai da ya jawo kyautar Nobel a 1998 ga Furchgott da Ignarro da Murad.

Mai_Awon_Jini:
Ɗalibi, duk abin da ka faɗa haka yake, amma zo ka tsaya a bencina kwana ɗaya. Naitirik oksaid daƙiƙoƙi kaɗan yake yi a jini ya ɓace, ragowarsa ake aunawa, naitiret da naitirait. Mutum ya ci tuwo da miyar alayyahu jiya da dare, naitiret ɗinsa zai tashi, don ganyen cike yake da shi. Za ka ce jijiyarsa ta warke? Von Willebrand kuma, mai rukunin jini O nasa a halitta ya fi na sauran ƙasa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, sannan hawa bene da sauri ko tsoron allura ma yana ɗaga shi. ICAM-1 da kake magana, ƙwayar maleriya ta falsifarum da shi take manne wa jijiya, kuma yana hawa in mutum ya kamu. A garin da da damina rabin layin asibiti masu zazzaɓi ne, me lambar za ta gaya maka?

Ban ma zo kan kayan aikin ba. Akwatin gwajin irin waɗannan alamomi mai rami 96 ne, sai an tara samfuri da yawa kafin a buɗe, a ajiye jinin a sanyin da ya kai 80 ƙasa da sifili. Mu da muke roƙon Allah firjin jini na talakawa ya kwana da wuta. Kamfani biyu su auna jini ɗaya su ba ka lamba biyu.

Ɗalibin_Likita:
Na yarda da matsalar kayan aiki, amma wannan matsalarmu ce, ba ta ilimin ba. Troponin ma da a ɗakin bincike kawai yake, yau da shi ake gane bugun zuciya.

Mai_Awon_Jini:
Troponin na zuciya daga tsokar zuciya yake fitowa, shi ya sa ya yi nasara. Kawo mini wanda ɗaukewar numfashi kaɗai ke ɗagawa, in sayo maka shayi da ƙwai.

Gwaggon_Yara:
Ni duk turancin nan ya wuce ni. Abin da na sani a garinmu in mutum yana shaƙewa cikin barci cewa ake dannau ne, a yi masa tofi. In yaro ne a kai shi wurin wanzami a cire belu.

Abu_Sumayya:
Gwaggo dannau daban ne. Shi kana farke, kana jin komai, amma ko yatsa ba ka iya ɗagawa. Na sha yi lokacin ina makarantar kwana. Addu'ar kwanciya barci kuwa ba a barin ta, amma ba ta hana zuwa asibiti.

Dakta_Numfashi:
Abu_Sumayya ya faɗi daidai. Belu kuma don Allah a bar shi. Ba shi kaɗai ke toshe hanya ba: akwai gindin harshe, ganɗa mai laushi, kitsen gefen wuya, ƙaramar haɓa, toshewar hanci. A yara yawanci tonsil ne da naman bayan hanci suke kumbura, kuma wannan aikin likitan kunne da hanci da makogwaro ne. Na karɓi jariran da aka kawo jini ya ƙi tsayawa bayan aska, wasu da ciwon tetanus.

Uwar_Mai_Sikila:
Likita tunda an zo kan yara. Ɗana mai shekara bakwai sikila ne, yana barci baki buɗe, yana minshari kamar babba, wani lokaci har da fitsarin kwance. Maganar jijiyoyin nan ta shafe shi?

Dakta_Numfashi:
Ta shafe shi fiye da kowa a zauren nan, Hajiya. Mai sikila tun asali shimfiɗar jijiyarsa a wahale take: jan ƙwayoyin jini suna fashewa, abin da ke fita daga cikinsu yana cinye naitirik oksaid, VCAM-1 ɗinsa a sama yake ko ba minshari. In aka ƙara masa faɗuwar oksijin kowane dare, ƙwayoyin sun fi saurin lanƙwashewa. Kuma yara masu sikila sun fi sauran yara samun wannan matsala ta barci. Ki faɗa wa likitansa a asibitin sikila a zuwa na gaba, ki nuna musu bidiyon barcinsa, ki nemi a duba makogwaronsa. In ba a taɓa yi masa hoton gudun jinin ƙwaƙwalwa ba, wanda ake kira TCD, ki tambaya, don ana son yi wa masu SS daga shekara 2 zuwa 16.

Ga shi ma misali ne na abin da Mai_Awon_Jini ke faɗa. A jinin yaron nan alamomin duk za su fito a sama, amma ba za su gaya mana nawa ne na sikila nawa ne na barci ba.

Malam_Shakka:
To ni ga tambayata, kuma ba gardama nake ba. Yawancin masu abin nan masu ƙiba ne. Ta yaya aka san minsharin ne ke ɓata jinin ba tumbin ba?

Dakta_Numfashi:
Wannan tambayar ta fi ta farko nesa ba kusa ba, kuma ita ce ta fi ba masu bincike ciwon kai. Kitsen ciki da kansa yana fitar da IL-6, shi kuma ya sa hanta ta yi CRP. A 2014 Chirinos da abokansa a Jami'ar Fensilbeniya sun raba mutum 181 masu ƙiba da ciwon gida uku: wasu CPAP kaɗai, wasu rage ƙiba kaɗai, wasu duka biyun, har mako 24. CRP ya sauka a wurin waɗanda suka rage ƙiba. A wurin masu CPAP kaɗai bai yi wani motsin kirki ba. Hawan jini kuwa, a cikin waɗanda suka bi ƙa'ida, ya fi sauka ga masu haɗa biyun. Endotelin-1 kuwa, wasu binciken sun ga ya hau, wasu ba su ga bambanci ba.

Don haka Alhaji, ko da CRP ɗinka ya ƙi sauka bayan zazzaɓi ya wuce, zan fara kallon ƙugunka kafin makogwaronka.

Ɗalibin_Likita:
Abin mamaki, wanda ya gano endotelin a 1988, Masashi Yanagisawa na Japan, shi ne kuma bayan shekara goma ya gano oreksin, sinadarin ƙwaƙwalwa mai riƙe mutum a farke. Daga jijiya ya faɗa binciken barci bai shirya ba.

Malam_Shakka:
To in na'urar ba ta sauke CRP, amfanin me take? Na ji ma an ce an gwada ta ba ta hana bugun zuciya.

Ɗalibin_Likita:
Binciken SAVE kake nufi, na 2016. Mutum 2,717 masu ciwon zuciya ko waɗanda suka taɓa samun matsalar jijiyar ƙwaƙwalwa, aka bi su kusan shekara huɗu, ba a ga CPAP ta rage bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba. Amma awa 3.3 kacal suke sa ta a dare a matsakaici, kuma tun farko an cire masu tsananin gyangyaɗi. Wanda ya cire ta ƙarfe biyu na dare ya bar kansa a buɗe a barcin goshin asuba, lokacin mafarki, inda numfashin ya fi daɗewa a tsaye.

Malam_Shakka:
Wato in magani bai yi aiki ba laifin mara lafiya ne. Na gane.

Dakta_Numfashi:
Ba na son mu ɓoye sakamakon. Ba a tabbatar da cewa CPAP na hana bugun zuciya ba a manyan gwaje-gwajen da aka raba mutane da ƙuri'a, magana ta gaskiya ke nan. Abin da aka tabbatar: tana kawar da gyangyaɗi da minshari, tana gyara yanayin rai, tana rage hawan jini da maki 2 zuwa 3 a matsakaici, ta fi haka ga wasu masu irin na Alhaji da ya ƙi jin magani uku. Ga Direban_Tirela wannan na farkon kaɗai ya isa dalili. Kuma darasin da ni na ɗauka daga SAVE ya koma kan tambayar farko: alama a jini tana iya gyaruwa a takarda, mutum bai tsira daga abin da ake tsoro ba. Shi ya sa ba na bin lamba.

Ba_Maraɗiya:
Sannunku. Mijina lokotoro ya rubuta mishi na'urar nan bayan an yi mishi gwajin kwana a Yamai. Tansiyonshi, wato hawan jininshi, ya daidaita, ya bar kwana a kan tabarmar sallah. Wahalarmu kuran ce, wato wutar lantarki. In an ɗauke tsakar dare sai ya tashi yana fizge abin daga fuska. Sai da muka haɗa batir da faifan sola ɗaya don ita kaɗai. Da hunturu kuma hanci na bushewa, sai an zuba ruwa mai tsabta a ɗan tankin.

Abu_Sumayya:
Wanda ya ƙirƙiro ta a Sidini ta Ostareliya a 1980, Colin Sullivan, bai san da zaman NEPA ba.

Hajiya_Zongo:
Daga Kumasi nake bin ku. Ɗana ya aiko mini da ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa yana nuna oksijin. In Alhaji ya sa shi ya kwana, bai isa ba? Ya fi arha ai.

Dakta_Numfashi:
Irin na kasuwa mai nuna lamba kawai ba ya ajiye komai, sai dai Hajiyarsa ta kwana tana kallo. Akwai mai naɗar bayanan dare gaba ɗaya, yana taimakawa inda babu ɗakin gwajin barci. In ya nuna faɗuwa da yawa, hujja ce mai ƙarfi. In bai nuna ba, bai wanke mutum ba. Ga kuma abin da ya shafe mu kai tsaye: a 2020 wani bincike a Jami'ar Mishigan ya kwatanta na'urar yatsa da jinin da aka ɗiba daga jijiya. A lokutan da na'urar ta nuna 92 zuwa 96, ainihin oksijin yana ƙasa da 88 a kashi 11.7 cikin ɗari na awon baƙaƙen fata, a na fararen fata kashi 3.6. Wato a fatarmu takan yi mana ƙarin maki. Lalle mai duhu da jan farce su ma suna iya rikita ta.

Ɗan_Kwari:
Na gode ƙwarai, na karanta duka har sau biyu. Amma ranki ya daɗe har yanzu ina nan a inda nake. In jini ba zai nuna ba, ta yaya zan san ko an riga an yi ɓarnar? Mahaifina shanyewar ɓarin jiki ce ajalinsa yana da 61.

Dakta_Numfashi:
Allah ya jiƙansa da rahama. Akwai hanyoyi, kuma sun fi waɗancan arha. A auna fitsarinka a ga ko furotin ɗin albumin yana yoyo, don matatar ƙoda tarin ƙananan jijiyoyi ce, in shimfiɗarsu ta gaji nan ake fara gani. A auna kiriyatinin mai nuna aikin ƙoda, suga da kitsen jini. A yi maka awon zuciya na ECG, in da hali har da hoto, a ga ko bangonta ya yi kauri. Ka je a leƙa bayan idonka, nan ne kaɗai ake ganin jijiya ƙuru-ƙuru ba tare da an tsaga mutum ba. Akwai wani gwaji da ake ɗaure dantse minti biyar a saki a ga yadda jijiya ke buɗewa a na'urar hoto, shi ne ya fi kusa da auna lafiyar endotiliyam, amma shi ma na masu bincike ne.

Sannan ka sa a auna wuyanka da tef ɗin tela. In ya haura santimita 40, ga minshari, ga wadda ta ga numfashinka na tsayawa, ga gajiya, ga hawan jini, ga ka namiji, ka cika shida cikin tambayoyi takwas na ma'aunin STOP-BANG da ake kimanta haɗarin wannan ciwo da shi. Ko ba wuyan ma kana da biyar, kuma daga biyar ake cewa haɗari mai yawa. Ka nemi likitan da ke duba hawan jininka ya tura ka sashen ƙirji ko na kunne da hanci a asibitin koyarwa, su san inda za a yi gwajin barcin. Kafin nan ka riƙa kwanciya ta gefe, kada ka sha maganin sa barci, kada ka daina na hawan jini.

Ɗalibin_Likita:
Ni dai ina nan kan bakata. Wani ƙiyasi na 2019 ya ce mutum miliyan 936 ne 'yan shekara 30 zuwa 69 ke da ciwon a duniya, kuma Najeriya na cikin ƙasashe goma na sama. Gadajen gwajin barci nawa muke da su? Ba za mu taɓa kwantar da kowa ba. Dole wata rana a samu haɗin alamomi uku ko huɗu a digon jini da zai ce wane ya fara shiga layi. Kuma in ba mu auna namu mutanen ba, masu maleriya da sikila, lambobin wasu za a kawo mana.

Mai_Awon_Jini:
Wannan na ƙarshen na sa hannu. Amma tef ɗin tela da matar aure mai kunne sun riga digon jininka tsara layin, kuma kyauta.

Gwaggon_Yara:
Wanda ba shi da mata fa?

Abu_Sumayya:
Ya yi aure, Gwaggo. Ga hujja ta likitanci ta samu.

Ɗan_Kwari:
'Yan uwa na dawo bayan mako uku. Na sake CRP a wani wurin, 3.4. An ga albumin kaɗan a fitsari, likita ya ce a maimaita kafin a yanke magana, ya kuma canja mini ɗaya daga cikin magungunan. Telan layinmu ya auna wuya, 44, yana dariya wai zai ƙara mini kuɗin ɗinki. Uwargida ta ɗauki bidiyo, na ƙirga da kaina wuri ɗaya daƙiƙa 34 ban numfasa ba, na kasa ƙarasa kallo. An ba ni ranar gwajin barci sai wata mai zuwa.

Mai_Awon_Jini:
Ka ga 7.2 ta zama 3.4 ba ka sha komai ba. Sauran kuma sai ka tambayi tuwon dare.

Malam_Shakka:
Allah ya ƙara sauƙi Alhaji. Ni ma jiya na tambayi mai ɗakina ko ina yin shirun nan. Ta ce ita barci take, ba gadi aka kawo ta ba.

Direban_Tirela:
Likita, wani abokina a gareji ya ce akwai na'urar ta hannu da aka kawo daga waje, rabin kuɗi. In na saya na sa ba tare da gwajin ba akwai matsala? Lodi gare ni zuwa Legas ranar Asabar.